Azumin da Aka Ce Mun Ɓoye Iri

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan rabonmu da ruwan sama. Gero ya fito ya kai tsawon yatsa ya tsaya cak, da rana ganyensa ya nannaɗe, da yamma ya ɗan saki. Duk wanda ya fito daga ɗaki sai ya fara ɗaga kai gabas kafin ya gaida mutane. Ga siyasa kuma ta sake kunno kai, ko'ina ka bi waya ce a kunne. Jiya da hantsi ina layin famfo, wata maƙwabciyata ta kunna odiyo, wani mutum yana ta ɗaga murya yana cewa, "Jama'a ku saurara, an cuce ku." Ban san shi ba, ba kuma da garinmu yake ba. Amma sai da na ajiye bokiti na nemi dutse na zauna. Abin da ya faɗo mini shi ne wancan azumin da ya zo a tsakiyar zafi, shekarar da ake shirin zaɓe.

Garinmu ƙarami ne, yana gindin duwatsu tsakanin Roni da Gwiwa. Duwatsun nan in sun sha rana sai su yi ta maido da zafi har bayan magariba. A shekarar ruwa ya sauka da wuri, kwana biyu kafin a ga wata, ruwa mai kyau har kududdufi ya kawo. Kowa ya fita shuka da murna da azumi a baki, maza da sungumi a gaba, mata da yara suna bi suna zuba iri suna rufewa da diddige. Mutane da yawa duk irin da suka ajiye suka zuba. Daga nan sai ruwa ya ɗauke. Hadari zai haɗu baƙi ƙirin, iska ta taso, mu kwashe shanya a guje, mu jera robobi a ƙarƙashin indararo, sai mu ga ya watse kamar ba a yi ba. Aka yi kwana goma, aka yi ashirin. Geron ya yi ja, ya kwanta, ya bushe. Ƙasa ta yi zafin da ko kaza ba ta iya takawa da azahar.

Mu shida ne a gida: ni, da maigidana Malam, da mahaifiyarsa da muke kira Goggo, da 'ya'yanmu uku. Malam yana koyarwa a firamare, shi ne kuma sakataren ƙungiyar manoma, don haka duk abin da aka aiko wa gari na taki ko iri, ta hannunsa yake bi. Ana ganinsa da fararen kaya ana ɗauka muna cikin wadata. Gaskiyar magana rumbunmu ya yi ƙasa tun kafin azumi, don daminar da ta gabata ma ba ta yi kyau ba. Da safe in auni ɗan tsaba in surfa, in jiƙa tsamiya. Da la'asar in dama kunu, kullum yana ƙara tsinkewa, har ya zama kana hango gindin kofi ta cikinsa. Sai zogale ko tafasa in dafa in kwaɗanta da ɗan ƙuli-ƙuli. Da shi ake buɗa baki, da ragowarsa ake sahur. Akwai wata dabara da nake yi: dab da shan ruwa sai in yanka albasa guda in jefa a ɗigon mai, ƙamshin ya tsallake katanga, maƙwabta su ɗauka miya ake soyawa. Goggo ta san dabarar, ta rufa mini asiri.

A lokacin wayoyi masu shafawa ba su daɗe da cika gari ba. Samarinmu da ke neman kuɗi a birane suka buɗe wa gari guruf, wato zauren hira a waya, ana sanar da haihuwa da rasuwa da ɗaurin aure. Yayana Sale, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, tela ne a bakin kasuwa, shi aka ba riƙon guruf ɗin, shi ke sa mutum shi ke cirewa. Da farko abin daɗi ne. Har Goggo takan ce a kunna mata ta ji muryar 'ya'yan dangi da ke kudu.

Da siyasa ta matso sai gari ya rabu biyu, mutanen Alhaji da ke kan kujera, da mutanen Injiniya da ke neman ta. Sai ga Bala Rediyo. Ɗan garinmu ne, yana sayar da gwanjo a Kano, tun yana yaro ake kiransa haka saboda surutu. Kullum bayan la'asar zai saki odiyo, ya yi sallama mai tsawo, ya ce shi ba ya tsoron kowa sai Allah, sannan ya hau faɗar wanda ya ci amanar gari. Bakinsa da zaƙi, ya iya sa mutum dariya, ya iya sa shi kuka. Maza su taru a gindin darbejiya, mai waya ya ɗaga ta sama, a yi tsit kamar ana tafsiri. A lokacin da ciki ya fi zafi, maƙogwaro ya bushe, a lokacin yake magana. Mata kuma mu ji ta kan katanga. Abin da ya faɗa da la'asar, shi ake maimaitawa a bakin famfo da safe kamar kowa da idonsa ya gani.

Kafin a kai rabin azumi an daina gaisawa tsakanin wasu gidaje. Da liman ya ce a fita roƙon ruwa, mutanen Injiniya suka ce ba za su bi sahu da macuta ba, suka fita tasu rana daban. Malam ba ya cikin kowane ɓangare, tun da aka fara zage-zage ya fice daga guruf ɗin. Yaya Sale kuwa ya yi nisa a wajen Injiniya. Ya rage shigowa gidana. In mun haɗu sai ya ce, "Hajara, mijinki ya fito fili ya faɗi inda yake. Yanzu ba lokacin ɓoye-ɓoye ba ne."

Ranar ashirin da uku ga azumi Malam ya kwance ragon da muke kiwo don layya. Ya ce zai kai shi kasuwar Babura ya sayar, ya sayo irin geron nan na wajen Nijar mai saurin nuna, don in ruwa ya dawo a sake shuka. Ya ce buhu guda zai ishe mu, har a ɗiba wa gidajen da ba su da ko ƙwaya. Ya fita rana ba ta gama fitowa ba, a kan acaɓa, rago a tsakiya yana kuka.

Ina tsakar gida ina tsinke zogale, wajen sha ɗaya, sai na ji Talatu maƙwabciyata tana kirana ƙasa-ƙasa ta kan katanga. Ta taka turmi ta leƙo, fuskarta ba yadda na saba gani ba.

"Maman Aisha, kin ji?"

"Me zan ji?"

"Bala ne. Yau bai jira la'asar ba."

Ta miƙo wayar. Hoto na fara gani: ƙofar gidanmu, da a-kori-kura a tsaye, an lulluɓe buhuna da tamfol. Sai murya ta biyo. Ya kira sunan Malam, ya kira na mahaifinsa da ya rasu. Ya ce an aiko wa gari iri da taki tun makon jiya, an sauke a gidan sakatare, an ɓoye sai an ga wanda zai yi Alhaji a ba shi. Ya ce, "'Ya'yanku suna kwana da yunwa, gonakinku sun ƙone, abincinku yana kulle a ɗakin mutum ɗaya. In ku maza ne, ku je ku gani da idonku."

Na san hoton. Siminti ne, tun shekara biyu baya da muka gyara zaure. Ga reshen darbejiyar ƙofar gidanmu nan a jiki, wanda iska ta karya tuntuni. Na ce, "Talatu, duba reshen nan, ai tsohon hoto ne." Ta ce, "Ni na gani. Su kuma wa zai nuna musu?" Sannan ta ƙara rage murya. Ta ce ɗanta ya gaya mata samari sun kasu biyu, wasu za su zo gidan, wasu kuma sun tafi mararraba, inda motoci ke sauke mutanen garinmu, su jira Malam, don an ce ya fita da asuba ya kai wani kason kasuwa.

Ga shi kuma Malam da buhu zai dawo a bayan babur.

Na ruga ɗaki na ɗauki 'yar wayata na kira shi. A kashe. Na sake kira. Batirin wayarsa dama ba ya kai azahar. Na kira mai acaɓan da ya ɗauke shi, ya ce shi a Kazaure ya sauke shi ya juyo. Na kira Yaya Sale sau huɗu, tana shiga ba ya ɗauka. Na tsaya a tsakiyar ɗaki ina juyi, ban san abin da nake nema ba. Bakina ya bushe har harshena yana mannewa. Na tura yaran gidan Talatu ta kan katanga ɗaya bayan ɗaya, ƙaramar tana kuka tana riƙe zanina, sai da na ɓamɓare yatsunta.

Goggo tana zaune a inuwar rumbu da carbinta, ta ji komai. Idonta ya yi rauni a lokacin, amma kunnenta garau. Ta ce, "Hajara, kama ni ki kai ni zaure." Na ce, "Goggo, za su ture ki." Ta ce, "Kai ni dai. Ki ɗauko mini tabarma."

Bayan an sallame azahar muka fara jin su. Ba ihu ba ne da farko, wani irin gunji ne kamar kasuwa tana tahowa. Sai takun ƙafafu, sai ƙarar sanduna a jikin katanga. Ina bayan ƙyauren zaure, ina leƙe ta tsaga. Sun fi arba'in. Abin da ya fi tsorata ni shi ne duk na san su. Ga wanda Malam ya koya wa karatu, ga wanda na yi wa uwarsa zaman biki, ga mai kawo mana itace. Idanunsu sun yi ja, leɓɓansu sun yi fari da ƙishirwa, kowa da azuminsa. Wani yana riƙe da galan, ban san me ke ciki ba, har yau ban tambaya ba. Wayoyi kuma a sama, ana ɗauka.

Dutse ya faɗo a kan kwanon ɗakinmu, ƙarar ta sa na durƙushe. Wani ya ce a fito da kayan jama'a. Wani ya ce a ɓalle ƙofa.

Goggo tana zaune a bakin zaure, ƙafafu a miƙe, ba ta motsa ba. Ta ce, "Wane ne wannan mai magana? Kamar muryar Audu na gidan Maƙera." Ta ce, "Audu, matso in ji ka. Ya jikin babanka?" Ya ce, "Da sauƙi, Goggo," a hankali, kamar an matse shi. Ta yi ta kiransu haka, wanda ta gane da murya, wanda ta tambaya ɗan wane ne. Sannan ta ce, "Kun zo ganin kaya. To ba a ɓalle ƙofar gidan nan ina raye. Ni zan buɗe muku. Ku zaɓi mutum biyar su shiga, su duba har ƙarƙashin gadona."

Gidan da ko ƙanin Malam sai ya yi sallama sau uku kafin ya shigo, ranar ƙarti biyar suka shiga da takalmansu. Na ja mayafi na rufe fuska na tsaya a jikin bango. Na biyar ɗinsu Yaya Sale ne. Bai dube ni ba.

Suka ɗaga katifa, suka buɗe akwatina, suka leƙa bayan gida. Ɗaya ya hau rumbu ya cire murfi ya zura kai, ya daɗe, sannan ya sauko. Wani ya ce, "Me ka gani?" Ya ce, "Dami biyu ne da rabi." Suka shiga madafa. Wani yaro mai waya ya buɗe tukunya, ya tarar da ragowar tafasar jiya, ya buɗe kwanon gari ya ga abin da bai kai tafi uku ba, ya ga rabin albasar nan a kan murfi. Duk yana ɗauka. Abin da na yi wata guda ina rufewa, ya tafi cikin waya ina kallo. A nan Yaya Sale ya juyo ya dube ni, ya dubi wuyan hannuna, ya sunkuyar da kai.

Ban san lokacin da na cafki rigarsa ba. Na ce, "Yaya, yana hanya da buhu. Ragonmu ya sayar. Suna mararraba suna jiransa." Ya ce, "Bari in kira su." Ya kira mutum biyu, hayaniya ta hana su ji. Na ce, "Ba ni wayar. Danna mini inda ake magana a guruf ɗin."

Ya ce, "Hajara, maza ne a ciki, sun fi ɗari biyu."

Na ce, "Danna."

Ni da ban taɓa ɗaga murya a gaban baƙo ba, na riƙe wayar da hannu biyu don kada ta faɗi. Na yi sallama, na faɗi sunana da na mahaifina. Na ce da azumi a bakina nake magana. Na ce hoton nan siminti ne, a duba reshen bishiya. Na ce mutum biyar sun shiga ɗakina, ga su nan, a tambaye su. Na ce Malam zai zo da buhu ɗaya a babur, kuɗin ragon layyarmu ne, kuma rabinsa na iyayenku ne da ba su da irin shuka. Na ce don Allah kada a taɓa shi, yana da ƙananan yara. Daga nan kuka ya ci ƙarfina, shi ma ya shiga ciki, Yaya Sale ya karɓi wayar ya tura.

Na ƙofar gida suka watse da kaɗan-kaɗan, ba wanda ya ce a yi haƙuri. Yaya Sale ya ari babur ya nufi mararraba. Ni kuma na zauna a zaure kusa da Goggo. Ban dama kunu ba ranar. Duk babur ɗin da ya wuce sai na miƙe. Inuwa ta yi ta tsawo, aka kira la'asar, rana ta yi ja a kan dutse. Goggo ta daina jan carbi, ta riƙe hannuna.

Ana dab da kiran magariba suka iso, a ƙasa, Yaya Sale yana tura babur. Malam ba hula, hannun rigarsa ɗaya a yage, gefen bakinsa a kumbure. Buhun yana kan babur, an ɗaure bakinsa da igiya, bai kai rabi ba. Malam ya ce yana sauka daga mota suka kewaye shi, kafin ya buɗe baki an mare shi, wani ya farke buhun da wuƙa, gero ya tsiyaye a cikin yashi. Wani dattijo mai faci a wurin shi ya ture su, ya ƙure ƙarar wayarsa ya ɗaga ta sama. Malam ya ce yana durƙushe a ƙasa ya ji muryata tana fitowa, ya ɗauka ko suma ya yi. Da ruwa zalla muka buɗa baki, sai kunun da Talatu ta miƙo ta katanga.

Washegari da sassafe na ɗauki faifai da rariya na tafi mararraba. Talatu ta biyo ni, sai matar Audu na gidan Maƙera, sai wasu mata biyu, mazansu duk mutanen Injiniya. Ba mu yi maganar jiya ba. Muka durƙusa a gefen titi muna kwasar yashi muna tankaɗewa muna sheƙewa, motoci suna wucewa ana kallonmu. Kafin rana ta yi zafi mun tsamo kusan kwano shida.

Ruwa ya dawo ana saura kwana biyu Sallah, da rana tsaka, da tsawa. Malam ya raba irin kamar yadda ya yi niyya, har da gidan yaron da ya farke buhun. Aka sake shuka. Amma gayya ba ta yiwu ba a shekarar. Da can in noma ya yi, gona ɗaya ake haɗuwa a gama a wuce ta gaba, da kiɗa da fura. Wannan karon kowa shi da 'ya'yansa, ciyawa ta ci ƙarfin gonaki da yawa, abin da aka girba bai kai mu ko'ina ba.

Bidiyon tukunyata ya zaga duniya. Mata suka riƙa aiko mini da kwanon tuwo a rufe, ina karɓa ina godiya, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Malam ya ajiye sakatarancin, ya daina zama majalisa. Bala Rediyo kuwa bai janye ba. Ya saki wata odiyo ya ce an samu labari da wuri ne aka kwashe kayan. Bayan zaɓe muka ji ya koma wajen Alhaji, da irin sallamarsa mai tsawo, mutane kuma suka ci gaba da taruwa suna ji.

Yaya Sale ya zo ranar Sallah ya zauna a zaure, ya ƙi shigowa. Na kai masa ruwa. Ya daɗe yana juya kofin, sannan ya ce, "Hoton nan ni na ɗauka, ranar da kuke gyaran zaure. Bala ya ce in turo masa hoton gidan, shi na samu a wayata. Wallahi ban san abin da zai ce a kai ba." Na ce, "Da ka ji kuma fa, Yaya? Na kira ka sau huɗu." Ya ci gaba da juya kofin. Muna gaisawa, 'ya'yansa suna zuwa gidana, amma daga ranar bai sake wuce zauren nan ba, ni ma ban ce ya wuce ba.

Bara na shiga mota zan je Kazaure gaida wata 'yar uwa da ta haihu. Ina ciniki da kwandasta kan inda zai sauke ni, sai wata mata da ke gefena ta juyo ta ƙura mini ido. 'Yar garin Kanya Babba ce, ban taɓa ganinta ba. Ta ce, "Baiwar Allah, sake magana in ji." Na kau da kai. Ta ce, "Na san muryar nan. Ke ce matar nan mai kuka a odiyo, wadda aka shiga gidanta. Mun ji ki har garinmu, wallahi sai da na yi hawaye." Mutanen motar suka jujjuyo. Ta dafa gwiwata, ta matso da bakinta kusa da kunnena, cikin tausayi ƙwarai, ta ce, "To amma tsakaninki da Allah, a ina ya ɓoye takin?"